Dala 700 a wata: ginin Zariya, karatun yara ko ajiyar sayen gida a Kanada?

Baban Hanifa, Winnipeg

Assalamu alaikum, iyaye da yayye da ƙanne na wannan zaure. Ina neman shawararku kan tsarin kuɗin gidana, kuma zan faɗi alƙaluman a fili domin mai ba ni amsa ya san a kan me yake magana. Mun shigo Kanada a 2022 da takardar zama ta dindindin, ni da maiɗakina da yara biyu, sannan aka haifa mana na uku a nan. Babbar shekararta 11, mai bi mata 7, ƙaramin kuma 3. Abin da ni da maiɗakina muke samu a shekara ya kai kusan dala 78,000, tallafin yara na CCB kuma yana shigowa kusan dala 1,150 a wata. Idan aka fitar da kuɗin haya da cefane da inshorar mota da kuɗin renon ƙaramin da abin da muke aika wa iyaye, rarar da ke saura ba ta wuce dala 700 ba.

A halin yanzu dala 400 daga ciki tana tafiya Zariya, inda nake gini ya kai linta, ƙanina ne ke tsaye a kai. Sauran 300 zubin adashi ne, mu goma ne a ciki, kwasata za ta zo a watan Fabrairu. Akwai kuma bashin dala 4,000 a kan kati, wanda gyaran mota ya jawo, ina biyan mafi ƙarancin abin da suke nema duk wata. Ba mu buɗe wa yara asusun karatu na RESP ba, maiɗakina kuwa burinta mu fara tara kuɗin sayen gida a nan domin hayar ta ishe ta. Ga shi muna tsakiyar Nuwamba, ana ta cewa akwai abubuwan da ya kamata a yi kafin shekarar 2025 ta fita. Wanne zan sa a gaba? Sharaɗina ɗaya ne, ba na son hanyar da za ta ƙara cusa ni cikin riba.

Maman Sadik, Calgary

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Ina taimakawa wajen cike wa mutane takardun haraji kyauta a watannin Maris da Afrilu, don haka irin wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurina. Kafin a yi maganar gini ko gida, bashin katin nan shi ne na farko. Yawancin katunan bashi a ƙasar nan kuɗin ruwansu yana kusa da kashi 20 cikin ɗari a shekara, wato a kan dala 4,000 kana ba banki kusan dala 800 a shekara ba tare da uwar kuɗin ta ragu sosai ba. Ka ce kana gudun riba, to ribar da kake biya a yau tana nan cikin aljihunka. Idan ka karkatar da dala 400 ta gini zuwa kati na wata uku, sannan ka ɗora kwasar adashinka ta dala 3,000 a kai, kafin ƙarshen Fabrairu ka rabu da shi.

Bayan haka ni RESP zan ce. A kan dala 2,500 ta farko da ka zuba wa kowane yaro a shekara, gwamnatin tarayya tana ƙara kashi 20 cikin ɗari, wato dala 500, har jimillar ta kai dala 7,200 ga kowane yaro. Iyali masu matsakaicin samu irinku akwai ɗan ƙari kuma a kan dala 500 ta farko. Wannan kyauta ce daga baitulmali, ba rance ba ce. Shekarun da suka wuce ba su ɓace ba, ana iya cike gurbinsu, amma ba za a ba yaro fiye da dala 1,000 ta ainihin tallafin a shekara ɗaya ba, kuma ga yaran da aka haifa a waje lissafin yana farawa ne daga shekarar da suka zama mazauna Kanada. Hanifa ke nan ba za ta taɓa kaiwa 7,200 ba, abin da za ta iya samu daga 2022 zuwa shekarar da za ta cika 17 bai wuce kusan dala 5,000 ba, kuma kowace shekara da ka jinkirta tana ƙuntata damar kamo shi.

Injiniya Bala, Saskatoon

Maman Sadik, a kan kati na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Amma ina roƙon kada a yi wa ginin gida kallon abin da za a iya ajiyewa a gefe sai an ga dama. Ginin da ya kai linta aka bar shi babu rufi, damina biyu ta isa ta lalata bulo ta sa rodin da ke waje ya yi tsatsa, sannan farashin siminti da kwano ba ya jiran kowa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar Amurka da ake canzawa kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a cikin 2024, kuma duk da kayan gini sun yi tsada, mai aikowa daga waje ya fi samun sauƙin kuɗin magina da leburori fiye da da. Mu kuma mu faɗa wa juna gaskiya, dala 700 a wata ba za ta sayi gida a Kanada nan kusa ba, alhali a Zariya tana iya rufe gini cikin shekara. Mutum ya samu wurin da zai ce nasa ne ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga wanda bai san yadda zama a ƙasar wasu zai kaya ba.

Kawu Adamu, Mississauga

Bala, ɗana, maganarka ita ce maganar da dukkanmu muka riƙe lokacin da muka zo a shekarun 1990. Kusan duk tsararrakina sun yi gini a gida, wasu a Kano, wasu a Kaduna, wasu a Jos, kuma gidaje ne manya masu ɗakuna da yawa domin muna ganin yaranmu za su koma su cika su. Yaran sun girma a nan, sun yi aure a nan, aikinsu yana nan. Akwai wani abokina da gidansa yake kulle shekara da shekaru, maigadi ne kaɗai a ciki da iyalinsa a ɗakin ƙofa, duk shekara sai an aika kuɗin gyaran rufi da na feshin gara, shi kuwa yana nan yana biyan haya da kuɗin fansho a yankin Toronto, inda gidajen da ya ƙi saye a lokacin da suke da araha suka fi ƙarfinsa har abada. Faɗuwar naira da ka ambata kuma kaifi biyu gare ta. Wanda ya zuba dala a gini kafin 2023, idan ya sayar a yau ya mayar da kuɗin dala, da wuya ya ga abin da ya zuba. Saboda haka tambayar da zan yi wa Baban Hanifa ita ce: wa zai kwana a gidan nan idan an gama shi?

Baban Hanifa, Winnipeg

Allah ya ƙara girma, Kawu. Mahaifiyata ce za ta zauna a ciki tare da ƙanwata da ba ta yi aure ba. Tun rasuwar mahaifinmu suna gidan gado, gidan kuwa ya cika da iyalan 'yan'uwa, kuma ana maganar raba shi. Tsarin ginin ɗaki huɗu ne da falo biyu.

Kawu Adamu, Mississauga

To wannan ya canza magana, Allah ya jiƙan mahaifinku. Abin da ka faɗa haƙƙi ne, ba jari ba ne, kuma ba a auna shi da ribar kashi kaza. Sai dai Hajiya da 'yarta ba sa buƙatar ɗaki huɗu da falo biyu. Ka sa a rufe ginin gaba ɗaya saboda dalilin da Bala ya kawo, sannan a gama ɓangare guda, ɗaki biyu da falo da banɗaki da madafa, a sa ƙofofi da tagogi, a jawo ruwa, su tare. Sauran ɗakunan su jira. Ka nemi ƙaninka ya kawo maka ƙiyasin wannan kaɗai a rubuce, da adadin bandir ɗin kwano da katako da buhunan siminti, domin aikin ya zama mai iyaka, ba ramin da ake zuba dala 400 a ciki duk wata babu ranar gamawa ba.

Malam Nura, Ottawa

Ina so in ƙara wani lissafi da ban ga an taɓo ba, kuma a ganina shi ne ya fi nauyi ga iyali mai yara uku da ke samun abin da Baban Hanifa ya faɗa. Tallafin CCB ana lissafa shi ne da kuɗin shigar iyali na shekarar da ta gabata. Daga Yulin 2025 zuwa Yunin 2026, cikakken tallafin dala 7,997 ne ga yaron da bai kai shekara 6 ba, da dala 6,748 ga mai shekara 6 zuwa 17. Da zarar samun iyali ya wuce dala 37,487 sai a fara ragewa, kuma ga mai yara uku ana rage kashi 19 cikin ɗari na duk abin da ya haura wannan adadi, har zuwa kusan dala 81,000 inda ragin yake sassautawa. Baban Hanifa yana cikin wannan tsakani.

Ga inda maganar take. Kuɗin da ka zuba a asusun ajiyar ritaya na RRSP ko a asusun sayen gidan farko na FHSA ana cire shi daga kuɗin shigarka kafin a yi lissafin haraji da na tallafi. Idan ka zuba dala 1,000 a FHSA, harajin tarayya da na lardin Manitoba da za a mayar maka zai kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, gwargwadon albashin wanda ya zuba, sannan daga Yuli mai zuwa CCB zai ƙaru da dala 190 a shekara. Idan aka haɗa, dala 1,000 ta dawo da fiye da 400, wanda ya ninka kashi 20 na RESP. An fara FHSA a Afrilun 2023, ana zuba har dala 8,000 a shekara, 40,000 a tsawon rayuwa, kuma idan ka cire domin sayen gidan farko ba a karɓar haraji ko sisi. Idan gidan bai samu ba, ana mayar da kuɗin cikin RRSP ba tare da haraji ba, ka ga ya zama ajiyar tsufa. Miji da mata kowa yana iya buɗe nasa.

Abu biyu za a kiyaye. Damar zuba 8,000 ba ta fara taruwa sai ranar da ka buɗe asusun, don haka ku buɗe kafin 31 ga Disamba ko da babu abin da za ku sa a ciki, sai a 2026 kowannenku ya samu damar 16,000. Sannan sharaɗin buɗewa shi ne a wannan shekara da shekaru huɗu da suka gabace ta ba ka zauna a gidan da kai ko matarka kuka mallaka ba, kuma gidan da ke wajen Kanada ma yana cikin lissafi. Ginin da ba a gama ba kuma ba ka taɓa zama a ciki ba, bai hana ka ba.

Maman Sadik, Calgary

Lissafinka daidai ne, Malam Nura, ban musa ko adadi ɗaya ba. Inda muka rabu shi ne FHSA zai jira Baban Hanifa shekara 15 daga ranar buɗewa, tallafin karatun Hanifa kuwa yana rufewa ne a ƙarshen shekarar da ta cika 17. Akwai ma wata ƙa'ida da take kama iyaye da yawa: yaro ba zai samu tallafin a shekarun 16 da 17 ba sai idan kafin ƙarshen shekarar da ya cika 15 an riga an zuba masa aƙalla dala 2,000, ko kuma an zuba aƙalla dala 100 a shekaru huɗu daban-daban. Na ga uwar da ta zo da dala 5,000 a hannu tana son buɗe wa ɗanta mai shekara 16, aka ce mata babu tallafi ko kwabo, ta zauna tana juya takardar tana tambaya ko akwai wanda za a roƙa. Babu wanda za a roƙa. Saboda haka ko da FHSA za a fifita, a buɗe RESP na iyali yanzu, a sa yaran uku a ciki, a riƙa zuba wa Hanifa ko dala 100 ce a wata. Ƙananan suna da lokaci a gabansu.

Ga 'yan'uwa masu ƙaramin samu da ke karanta wannan, akwai wani tallafin daban da ake kira CLB, wanda yake kaiwa dala 2,000 ga yaron da aka haifa daga 2004 zuwa yau, kuma ba a buƙatar ka zuba komai, buɗe asusun kaɗai ake nema.

Hajiya Rabi, Edmonton

Ina da magana biyu, ɗaya ga Baban Hanifa, ɗaya ga masana lissafi. Baban Hanifa, tun farkon zancen nan ana ta cewa ka yi kaza, ka karkatar da kaza, alhali albashin mutum biyu ne, kuma tallafin yara a ƙa'idar hukumar haraji ta CRA uwa ake ɗauka a matsayin mai kula da yara, ita ake biya. Idan aka cire dala 1,150 ɗin nan babu rarar 700 da ake rabawa. Ba ina cewa kada a yi wa Hajiya gini ba, Allah ya sani ni ma uwa ce. Ina cewa Maman Hanifa ta zauna a kan lissafin tun daga farko, ta ga ƙiyasin da za a aiko daga Zariya da idonta, ta san ranar da za a gama a juyo kan burinta. Gidaje da yawa a nan kuɗi bai yi musu kaɗan ba, rashin sanin inda yake tafiya ne ya raba kan ma'aurata.

Sannan a yi hattara da inda za a buɗe RESP. Bayan na haifi autana, wata wakiliyar wani kamfani ta same ni har gida da takardu, tana nuna cewa ta hanyarsu ne ake samun kuɗin gwamnati, tana so in sa hannu kan zubi na wata-wata har yaron ya girma. Irin wannan tsari na rukuni kuɗin rajistarsa ana cire shi ne daga zubin farko-farko, kuma wanda ya kasa ci gaba yana iya yin asara mai yawa. Tallafin gwamnati ɗaya ne ko a ina ka buɗe, kuma a banki ko a dandalin zuba jari babu mai tilasta maka adadin zubi. Wanda ya riga ya sa hannu yana da kwana 60 da zai iya janyewa a mayar masa da kuɗinsa.

Tambayata ga Malam Nura kuwa ita ce sharaɗin da mai tambaya ya gindaya. Duk waɗannan asusai ba kuɗin ruwa suke haifarwa ba?

Malam Nura, Ottawa

Hajiya, asusun kansa ba ya haifar da komai. RESP da FHSA da RRSP da TFSA (asusun ajiyar da ba a biyan haraji kan abin da ya haifar) kamar rumbu suke, abin da ka zuba a ciki shi za ka ɗebo. Idan ka shiga banki ka ce a buɗe maka ba ka faɗi komai ba, sau da yawa za a sa kuɗin a ajiya mai kuɗin ruwa ko a takardar ajiya mai wa'adi ta GIC, wannan kuwa shi ne abin da Baban Hanifa yake gudu. Amma kana iya buɗe irin wanda kai ne kake zaɓar abin da za a saya, ka sayi hannun jarin da aka tace bisa ƙa'idojin shari'a, wato aka fitar da bankunan riba da kamfanonin giya da caca da masu bashi fiye da kima. Kamfanin Wealthsimple ya fito da irin wannan kunshin hannun jari a 2021, akwai wasu kuma. Sai dai hannun jari yana hawa yana sauka, kuma kuɗin da za a buƙata nan da shekara uku ko huɗu bai kamata a sa shi duka a kasuwa ba. Ga FHSA, wanda ya bar kuɗinsa a zaune babu kuɗin ruwa ma ya riga ya ci moriyar ragin haraji da ƙarin tallafin yara.

Malam Sabi'u, London ta Ontario

Ina so a duba ƙarshen hanyar kafin a kama ta, domin tara kuɗin kafin alƙalami abu ne, sayen gidan ba tare da riba ba kuma wani abu ne daban. A tsarin bankuna, gidan da bai wuce dala 500,000 ba ana iya shigarsa da kashi 5 cikin ɗari, a haɗa da inshorar rance. Kamfanonin da ke sayar da gida ta hanyar cinikin Musulunci na murabaha ko musharaka, irin su Manzil da Eqraz, yawanci suna neman kashi 20 ko fiye, kuma abin da mutum zai biya duk wata ya kan fi na banki, saboda ba su da ajiyar jama'a mai araha da bankuna suke juyawa. Gwamnatin tarayya ta ambaci wannan fanni a kasafin kuɗin Afrilun 2024, ta ce za ta duba yadda za a faɗaɗa shi. A gidan dala 400,000 ke nan, na banki zai nemi 20,000, na halal 80,000. Da dala 700 a wata, ko an mayar da duk abin da haraji ya dawo da shi cikin asusun, ana maganar shekaru ne masu yawa, kuma ya kamata Maman Hanifa ta ji wannan a fili tun yanzu.

Wanda kuma yake ganin rancen banki shi ne mafita ya tuna abin da ya faru kwanan nan. Babban Bankin Kanada ya riƙe ma'aunin kuɗin ruwa a kashi 0.25 har zuwa Maris 2022, hauhawar farashi ta kai kashi 8.1 a Yunin 2022, ma'aunin ya hau har kashi 5 a Yulin 2023. An fara saukowa a Yunin 2024, a ƙarshen Oktoban 2025 ya dawo 2.25. A ƙasar nan yarjejeniyar rancen gida yawanci ta shekara biyar ce sai a sabunta, don haka waɗanda suka saya a 2020 da 2021 yanzu suke sabuntawa da farashin da ya fi na farko. Game da zakkar kuɗin da ke cikin RRSP da makamantansa malamai sun saɓa, wasu sun ce a fitar duk shekara kan abin da zai rage bayan haraji, wasu sun ce sai ranar da aka cire, don haka kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi tun kafin kuɗin ya taru.

Injiniya Bala, Saskatoon

Maganar Malam Sabi'u ta ƙara mini ƙarfi. Idan gida a nan sai an yi kusan shekara goma, me zai hana a gama na Zariya gaba ɗaya, a sa 'yan haya a ɓangaren da Hajiya ba ta amfani da shi, kuɗin hayar ya riƙa ciyar da ita, Baban Hanifa ya huta da aike? Karatun yara kuma ba a rasa hanya ba, tun Afrilun 2023 rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya babu kuɗin ruwa a kansa. Sannan na lura ana son a ture adashi gefe, alhali shi ne ya sayi motar farko ta rabin mutanen zauren nan, babu riba, babu takarda.

Maman Sadik, Calgary

Injiniya, ba wanda ya raina adashi, amma a san iyakarsa. Ba ya shiga tarihin bashinka da kamfanonin Equifax da TransUnion suke ajiyewa, ba ya rage haraji, ba ya jawo tallafi, kuma ranar da za ka sayi gida za a nemi bayanan asusunka na kusan wata uku, duk wani kuɗi mai kauri da ya shigo sai ka nuna asalinsa. Masu adashi su riƙa yin zubi ta banki, uwar adashi kuma ta ajiye rubutaccen jerin sunaye da ranakun kwasa.

A kan haya kuwa, mazaunin Kanada yana biyan haraji ne kan abin da ya samu a ko'ina a duniya, don haka hayar gidan Zariya sai an bayyana ta ko da Hajiya ce take karɓa, muddin gidan da sunan Baban Hanifa yake. Idan kuma kuɗin da aka kashe kan dukiyar da ke waje ya haura dala 100,000 kuma ba don amfanin kai kaɗai aka riƙe ta ba, akwai takardar T1135 da ake cikewa duk shekara, tararta kuma tana da zafi. Kuɗin da muke aika wa iyaye ba a cire shi daga haraji.

Tun da ana maganar tara, bari in ja kunne kan TFSA, domin nan ne wurin ajiyar ko-ta-kwana. Za ku ji ana cewa damar ta kai dala 102,000 a 2025. Wannan na wanda yake zaune a ƙasar tun 2009 ne. Wanda ya zo a 2022 damarsa 6,000 ce da 6,500 da 7,000 da 7,000, jimilla 26,500, kuma abin da ya wuce haka ana cin tararsa kashi 1 cikin ɗari duk wata. Abin da ka cire kuma ba ya dawowa cikin damarka sai 1 ga Janairu mai zuwa.

Kawu Adamu, Mississauga

Bala ya ce yara za su iya karɓar rance, haka ne, amma na ga yadda matashi yake fara aiki da bashi a wuyansa, aure ya yi masa nisa. Abin da nake so ku masu shekara arba'in ku sa a lissafi shi ne tsufanku. Fanshon tsufa na gwamnati, OAS, ana cika shi ne da zaman shekara 40 a ƙasar bayan mutum ya kai 18. Wanda ya zo yana da shekara 41, idan ya kai 65 kashi 24 cikin 40 zai samu, kuma idan yana son a ci gaba da biyansa bayan ya koma gida sai ya cika shekara 20 a nan. Fanshon ma'aikata na CPP kuwa gwargwadon abin da aka cire daga albashinka ne, wanda ya fara a makare nasa kaɗan ne. Shi ya sa ban ɗauki FHSA a matsayin asara ba ko da gidan bai samu ba. Mai niyyar kwashe iyali ya koma kafin yara su shiga jami'a kuma ya sani cewa kason gwamnati da ke cikin RESP ba a ba yaron da ya daina zama mazaunin Kanada, mayar da shi ake yi.

Baban Hanifa, Winnipeg

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya Rabi, maganarki ta isa inda aka aike ta, ni da Maman Hanifa mun karanta zancen nan tare daga farko. A Kaduna gidan haya muka zauna har muka taso, don haka sharaɗin FHSA bai hana mu ba, kuma za mu buɗe guda biyu da RESP na iyali a cikin makon nan. Kati za mu kashe shi zuwa Fabrairu kamar yadda Maman Sadik ta tsara, idan zagayen adashi ya ƙare ba zan sake shiga ba. Na kira ƙanina kan ƙiyasin rufi da ɓangaren Hajiya, ya ce zai zauna da magini ranar Asabar. Inda ba mu daidaita ba shi ne bayan Fabrairu: ni ina son a rufe ginin kafin damina, ita kuma tana son a kafa wa'adi a rubuce, kada ya wuce ƙarshen 2026. Tambaya ɗaya ta rage. Albashina ya kusa dala 60,000, nata kusan 18,000 ne domin aikin rabin rana take yi. A asusun wa ya kamata mu fara zubawa?

Malam Nura, Ottawa

A naka. Ƙarin tallafin yara ɗaya ne ko wa ya zuba, domin samun iyali ake haɗawa, amma harajin da za a mayar ya danganta da albashin mai asusun. Kai ɓangaren albashinka na sama ya ɗan shiga mataki na biyu na harajin tarayya, mai kashi 20.5, ita kuwa da 18,000 harajin da take biya kaɗan ne ƙwarai, babu abin kirki da za a mayar mata. Nata ya zauna a buɗe, sai ranar da ta koma cikakken aiki. Ka lura kuma FHSA ba shi da rangwamen kwana 60 na farkon shekara da RRSP yake da shi, abin da ka zuba a Janairu lissafin 2026 zai shiga. Sannan ku biyun ku cike takardun haraji kafin 30 ga Afrilu, domin idan ɗayanku bai cike ba CRA tana iya dakatar da tallafin yara daga watan Yuli.

Injiniya Bala, Saskatoon

Baban Hanifa, idan ƙiyasin ya zo ka turo mini a keɓe in duba maka adadin katako da kwano, kuma ka ce ƙaninka ya auno tsawo da faɗin ginin daga waje, ya ɗauko hoton saman linta ta kowace kusurwa. Har yanzu ra'ayina a gama gidan duka, amma rufin dai kada ya wuce watan Afrilu.